Tambulan Mai Ƙafa Ɗaya

Akwai wata magana da kuka taso kuna yi a gidan nan, ku 'ya'yana, har jikokina sun ɗauka. In wani ya saki kofi ya fashe, ko ya kifar da miya, sai a ce, "Hannun Umma!" a kwashe da dariya. Ita ma Umman taku sai ta ɗan murmusa ta ci gaba da abin da take yi. Ba ku san inda maganar ta samo asali ba. Daga bakina ta fito, kuma ƙarya ce. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da aji huɗu na firamare a garinmu kafin in fito, amma ya ishe ni in rubuta wannan da hannuna, kada in mutu in bar muku ita cikin gado.

A shekarar da abin ya faru muna zaune a unguwar Ƙuba ta Madina, a ɗaki biyu a saman shagon wani mai gyaran firji. Rabi ta fara zuwa makaranta, Usman yana goye. Ni ina aiki a wani otal kusa da Harami, wanda yanzu ko gurbinsa ba za ku gane ba. Da wanke-wanke na fara, na yi shekaru hannuna cikin ruwan zafi, har shugaban ɗakin cin abinci, wani ɗan Masar mai ƙaton ciki da saurin fushi, ya lura ba na fasa kaya, ya fito da ni jeren tebur. Shi ya koya mini cewa tambulan na ruwa daban, na lemo daban, na shayi daban. Ya koya mini riƙe tambulan ta ƙafa don kada yatsa ya bar tabo, da goge shi da farin ƙyalle, da ɗaga shi wajen fitila a duba. Na iya, na kuma san na iya. Mutumin da ya daɗe ana kiransa da "kai, mai wanki", in aka wayi gari ya san abu guda da 'yan'uwansa ba su sani ba, sai Allah ya kiyaye. A gida a kofin roba muke sha, amma in na zauna da abokai bayan sallar Juma'a, sai in karkata hira ta koma kan tambulan, ko ba wanda ya tambaya.

Ummanku A'i kuwa kitso take yi da lalle, tana kuma dafa zoɓo da citta da kanumfari wanda matan unguwa suka san shi. Shayinta ma haka, da habak take yinsa, ganyen nan mai ƙamshi na gonakin Madina. In ana suna ko walima sai a kira ta ta taya, a gode mata a sallame ta da 'yar leda. Wata rana Hajiya Zainabu, wata Bahaushiyar Sudan mai faɗa a ji a cikin matanmu, wadda mijinta ke kula da gonar dabino a Al-Awali, ta ce mata ta daina taya wasu. Ta sayi kayanta, ta riƙa ɗaukar hidimar sha gaba ɗaya kamar yadda matan Larabawa masu zuba gahawa ke yi. Ta ce 'yarta ta haihu, suna ranar Asabar, ta zo ta fara a gidanta. Duk wanda ya san matanmu ya san abin da wannan ke nufi. In Hajiya Zainabu ta yaba ki, kin gama samun aiki daga Ƙuba har Bi'ir Ali.

A'i ta riga ta mallaki fulas-fulas da manyan tire. Tambulan ne babu. Ranar Talata da safe ta kwance bakin zaninta ta ba ni abin da ta tara na kitso, ta ce:

"Malam, dozin huɗu nake so, iri ɗaya. Gajere, mai kaurin gindi, wanda zai ɗauki shayi da zafinsa, ya ɗauki zoɓo da ƙanƙararsa. Wanda ake cusa wani cikin wani, su shiga kwando guda. Kuma irin wanda ke kowane shago, in ɗaya ya fashe gobe in samo ɗan'uwansa."

Na ce, "Yau kuma ke za ki koya mini kofi?"

"Ni ban ce ba. Ko in saka abaya mu tafi tare?"

"Zauna ki kula da yaro. Wannan fannina ne."

Na rubuta maganarta yadda ta faɗa, don duk wanda zai fara gida ko sana'a a cikinku, ba ya bukatar ƙarin ilimin tambulan a kan wannan. Ni da na yi shekaru a otal ban taɓa jin wanda ya tsara ta haka ba, amma a ranar ko tsayawa ban yi na saurara ba.

Na tafi wajen Adamu, wani ɗan Chadi mai shagon kayan gida a bayan kasuwar kayan miya. Dogo ne siriri, Hausarsa rabi Larabci ce, kuma ba ya sayar wa mutum kaya sai ya yi masa tambayoyi kamar likita. Ya tambaye ni mutum nawa, wa zai wanke, a ina za a wanke, da me za a ɗauko su. Ya sauko mini da ainihin abin da A'i ta kwatanta, gajere mai kauri, ba ado ko ɗigo. Na juya shi a hannu na ji raini. Irinsa ne direbobi ke shan shayi da shi a tashar Bi'ir Ali. Can a lungu na hango kwalaye a jibge, ɗaya a buɗe. Na zaro guda, sai ga tambulan mai doguwar ƙafa, cikinsa kamar ƙwai, siriri kamar ɓawon albasa. Na ɗalle shi da farce ya yi wata ƙara mai tsawo. Adamu ya ce na wani otal ne da aka rushe, ya saye su a gwanjo, kuma zai ba ni a ƙasa da kuɗin gajerun, don sun tare masa wuri.

"Amma ba naka ba ne, ya Alhaji," in ji shi. "Waɗannan a ƙasar masu su na giya ne, mu nan lemo muke zuba musu, wannan ba komai. Tambayata guda ce. Matan nan a ina za su zauna?"

"A falo mana."

"A kan me?"

Sai ya ɗauko dardumarsa ya shimfiɗa a tsakiyar shago, ya zuba ruwa a gajeren ya ajiye, ya zuba a dogon ya ajiye. Ya kama gefen jallabiyarsa ya wuce ta gefensu yana rangwaɗa, wai shi mace ce mai abaya. Bakin rigar ya shafi gajeren, ko motsi bai yi ba. Ya shafi dogon, ya kwanta. Wani mai sayen bokiti da ke tsaye ya fashe da dariya, kuma ina jin dariyar nan ce ta ƙarasa ni.

"Kai ne ba ka iya ajiyewa ba," na ce.

"Ɗayyib, shi ke nan. Zakara ma in ya tsaya da ƙafa ɗaya, a kan ƙasa mai tauri yake tsayawa. Ɗauka, kuɗinka ne. Amma ka nuna wa uwargida. In ta ce a'a, ka dawo da su kafin Juma'a in canja maka, ba matsala."

A hanya ina ta hango yadda za a yi. Jan zoɓo a cikin gilashi mai ƙafa, mata suna tambaya wa ya zaɓo, ana cewa ai mijinta a otal yake. Ba A'i nake hange ba, kaina nake hange.

Da na buɗe kwalin a gida, ta ɗauki guda ta daɗe tana kallo. Ta gwada cusa shi cikin wani, ya ƙi. Ta ajiye shi a kan tabarma, ta ɗan taɓa shi da yatsa, ya yi lilo.

"Suna da kyau," ta ce. "Malam, ba za a iya canjawa ba?"

"Adamu ba ya karɓar kayan gwanjo. In an saya an saya."

Wannan ita ce ƙarya ta farko. Ta fito mini da sauƙi, kamar tun a shago na shirya ta. Kwana uku tana wanke su ɗaya-ɗaya a 'yar mawankar kicin ɗinmu, tana naɗe kowanne da tsohuwar jarida. Ni kuma ina tsaye a kanta ina koya mata riƙo ta ƙafa.

Ranar Asabar na ɗauki izini a wajen aiki, na tari mota muka kai kaya Al-Awali bayan azahar. Abin da zai shiga kwando guda ya ci kwali huɗu. Maza muna waje a inuwar dabino, a kan kujerun roba, ana zuba mana gahawa. Mata suna ciki. Abin da ya faru a can ban gani da idona ba, daga baya na tsince shi guntu-guntu a bakin maƙwabta. Hajiya Zainabu ta shimfiɗa sabon kafet mai laushi, ruwan madara, irin wanda ƙafa ke nutsewa, saboda sunan jikanta na fari. Mata sun fi arba'in, a zaune a ƙasa gwiwa da gwiwa, yara suna tsallake su, wannan ta tashi gaisuwa, waccan ta miƙa hannu karɓar jariri. A'i ta shigo da tiren farko, aka yi guɗa, aka ce masha Allah. Wata tsohuwa 'yar Kano ta ƙi karɓa, ta ce ita ta ga irin wannan kofin a talabijin a hannun waɗanda ba sa salla, a ba ta a moɗa. Aka yi dariya. Daga nan kowa ta kurɓa ta nemi inda za ta ajiye, kuma babu inda za a ajiye sai kafet. Kafin a idar da addu'a, tambulan bakwai sun kwanta. Jan zoɓo a kan ruwan madara, ba sai na kwatanta muku ba.

Da lokacin shayi ya yi, ba ta da wani abin zubawa sai su. Na farkon da ta tsiyaya wa shayi mai zafi ya tsage a kan tire, na biyu ya rabe a hannun ƙanwar mai jego. Allah ya tsare ba ta ƙone sosai ba. A'i ta durƙusa tana tsince gilashi daga cikin gashin kafet da yatsunta, saboda yara masu rarrafe, har ya yanke ta a tafin hannu. Hajiya Zainabu ta aika baƙala, shagon unguwa, aka sayo kofunan takarda, aka ƙarasa suna da su.

Mu a waje mun ji hayaniya, mun ga an shiga da kofunan takarda. Da aka fara watsewa kafin magariba, mijin Hajiya, Alhaji Bashir, mutum mai sanyin hali, ya rako ni bakin ƙofa. Akwai maza biyar ko shida a tsaye. Ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, kafet ana wankewa, sai dai kofunan ne kamar ba su dace da zaman ƙasa ba. Bai ce ni na saya ba. Bai ma sani ba. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma na ji kamar duk idanun nan sun san komai, sai na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Kofunan ba su da laifi, Alhaji, irinsu muke aiki da su kullum. Ba ta saba ba ne. Hannunta rawa yake yi, ko a gida haka take."

Wani ya yi dariya. Na juya, sai ga A'i a bayan ƙyauren, Usman a bayanta, kwali a kanta, hannunta naɗe da ɗankwali. Ta wuce ni ta shiga mota.

Ba ta sake yin hidimar sha ba. Wata 'yar Nijar ce ta ɗauki aikin a unguwa, yau 'ya'yanta ke gudanar da shi da motarsu. A'i ta koma kitso, ta yi ta yi har yatsunta suka ƙage. Tambulan da suka rage na jera su a kabad mai gilashi a falo, waɗanda kuka taso ana hana ku taɓawa, kuna zaton wata dukiya ce. Ba a taɓa shan ko ruwa da su ba. Ni kuma, don in tabbatar wa kaina abin da na faɗa a ƙofar mutane, sai na riƙa maimaita shi a gida cikin wasa, har kuka karɓa. Na gaya wa kaina cewa matan ne suka daina kiranta, haka sana'a take, wani ya samu wani ya rasa.

Bara waccan Adamu ya rasu. Na bi gawarsa aka sallace shi a Harami, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ina tsaye ana zuba ƙasa, sai na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, kamar an sauke mini kaya. Na tsaya na binciki abin, na gane sauƙi nake ji, don mutum ɗaya da ya san ya ce in dawo da su kafin Juma'a ya tafi. A maƙabarta, a garin Manzo, da furfurata, ina murnar mutuwar shaida. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Washegari bayan karin kumallo na ce wa A'i ta zauna. Na faɗa mata komai, da darduma, da jallabiya, da Juma'a. Ta saurara har na gama.

"Na sani," ta ce.

"Kin sani?"

"Sati guda bayan sunan na je shagonsa sayen mazubin sukari. Ya ce, uwargida, me ya hana ku dawo da su? Na ce mun ga suna da kyau ne."

"Shekara ashirin da wani abu, A'i. Ba ki taɓa faɗa ba."

"Wa zan faɗa wa? Kai ai ka sani."

Na ce ta yafe mini. Ta ce na kofi ta yafe tun tuni, kofi ba ya wuce kofi. Amma ɗayar maganar ba a ɗaki na yi ta ba, don haka ba a ɗaki zan janye ta ba.

Ranar Alhamis na sa Usman ya kai ni Al-Awali. Ya yi ta tambayata da Larabci me za mu yi a can, na ce ya tuƙa kawai. Alhaji Bashir ya daɗe da rasuwa, rabin gonar ma an yi gine-gine. Hajiya Zainabu tana nan, a keken guragu, ido ya tafi amma baki yana nan daram. Aka turo ta tsakar gida, 'ya'yanta mata biyu da wata maƙwabciya suna tsaye. Na gaishe ta, na faɗi ko ni wane ne, na ce na zo gyara wata magana da na yi a ƙofar gidan nan ranar sunan jikanta. Na ce ni na sayo kofunan, an gargaɗe ni na ƙi ji, kuma hannun matata bai taɓa rawa ba.

Ta yi dariya har da tari.

"Ya Abu Rabi, don wannan ka ƙona fetur? Wace mace ce za ta sayo kofi mai ƙafa ɗaya ta kawo wa masu zaman ƙasa? Tun kafin a kwashe tire muka ce wannan aikin namiji ne. Jikan nan da aka yi wa suna yanzu 'ya'yansa biyu, har yau in an ga abu mai kyau marar amfani a gidan nan, sai a ce sayayyar mijin A'i."

'Ya'yanta suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Na ce to, in haka ne, me ya sa aka daina kiranta?

"Wa ya daina? Ni da kaina sau uku na aika. Na ce ta zo da kofunan takarda ma in ta ga dama, zoɓonta muke so. Ta ce a gaya mini ta gode, ta bar sana'ar."

A mota na yi ta juya maganarta har muka wuce masallacin Ƙuba. Duk shekarun nan na ɗora abin a kan tambulan, a kan kafet, a kan bakin mata. Ko da na zo tuba, tuban sayayya na zo yi.

Na same ta a kicin a kan kujera 'yar tsugune, tana cire ƙwallon dabino tana tarawa a kwano. Na gaya mata na je, na faɗa, a gaban mutane. Ta gyaɗa kai. Na ce Hajiya ta ce sau uku ta aiko.

"Sau huɗu ne. Ta manta ɗaya."

"To me ya hana ki komawa?"

Ta matse wani dabino, ƙwallon ya fito, ta jefa a kwano.

"In na koma, Malam, duk tiren da na ɗauka mata arba'in za su zuba wa hannuna ido, su ga ko mijinta gaskiya ya faɗa. Hannun da ake kallo kuwa, rawa yake yi."

Ta turo mini kwanon da ƙafa, ta ce in zan tsaya a nan, in zauna in taya ta, baƙi na zuwa da la'asar.